Ƙwallon Dabino Biyu Na Jefa a Tulu Guda

Assalamu alaikum mai wannan shafi da masu karatu. Ku ɓoye sunana, kuma don Allah ku kai ƙarshe kafin ku fara zagina, don na riga ku.

Ni tela ne a wata sabuwar unguwa a Tanout. Mu masu gidaje muna da ƙungiya mai rajista a wurin hukuma, dokarta ta ce gida ɗaya ƙuri'a ɗaya, a asirce, wanda ba ya nan kuma yana iya wakilta wani. Rigimarmu a kan wani lungu ce da dabbobi ke bi zuwa rijiya. Wasu na so a toshe shi da katanga, wasu sun ce atafau. An kira taro sau biyu mutane ba su cika ba, kowa na gona, amma a bakin masallaci kowa gwanin surutu ne. Wa ya fi ni shan wahalar lungun nan? Katangata raƙuma ke soshe jikinsu da ita, zogalen matata bai taɓa wuce gwiwa ba, ga ƙuda har kan keken ɗinki.

Raƙuman kuwa na maƙwabcina ne, Agali, makiyayi, mutumin kirki, wanda ƙofar garkensa cikin lungun take. Da damina ta kama zai tafi arewa da dabbobi, ya same ni shago. "Malam tela, in an yi zaɓen nan ba na nan, kai ne bakina. Ka ce a bar hanya." Na ce, "Kar ka damu, je ka abinka." Me ya hana ni gaya masa gaskiya a lokacin? Kunya ce, ba komai ba.

Ranar zaɓe aka ajiye tulu biyu bayan zana, ɗaya na a toshe, ɗaya na a bari, aka ba kowa ƙwallon dabino. Ni aka ba ni biyu, nawa da na Agali. A safiyar ranar wani ɓangaren katangata ya zube. Ina shiga bayan zanar zuciya ta ɗebe ni, na zuba duka biyun a tulun toshewa. Aka zazzage, masu toshewa suka ci da ƙwallo ɗaya tak. Wallahi ko tafi ban iya yi ba.

Yanzu Agali ya dawo. Ya zauna ya lissafa waɗanda suka yi masa alkawari, ya ga mutum ɗaya ya zame, sai ya ɗora wa Baba Issoufou, dattijon da suka daɗe suna cin tuwo tare. Ko gaisuwa ya daina amsa masa. Tsohon ya rantse har da ƙwalla, ba wanda ya saurare shi. Ni fa? Ni ya kawo wa cuku, yana cewa, "Kai kam ka fita, Allah ya bar zumunci." Na karɓa da hannu biyu, ku ji rashin kunya.

Na lallaɓa wurin shugaban ƙungiya na ce ko za a sake zaɓe. Ya ce, "Malam, doka ce. Ba a sakewa sai wani ya fito gaban taro ya nuna an yi maguɗi. Kana da shaida?" Shaidar kuwa ita ce tsaye gabansa tana sosa ƙeya. Abin haushin ma, har gobe ina son a toshe lungun nan, ban canja ra'ayi ba. An riga an jibge bulo, Agali ya fara cigiyar mai sayen gidansa, Baba Issoufou kuma ya koma wani masallaci don kada su haɗu a sahu.

In na yi magana, na zama macucin unguwa, lungu ya zauna buɗe. In na yi shiru, na kori maƙwabci, na bar tsoho da laifin da ni na aikata. Magina sun ce gobe za su haƙa tushe. Jama'a, me zan yi?