Shayi a Bakin Ramin Wahba

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ya jikin naki, ya Malam da yara? Mu nan unguwar Hindawiyya, a ƙasa mai tsarki, lafiya lau, alhamdulillahi.

Ranar Juma'a ɗanki Usman, wanda ko bakin tekun Abhur da ke kusa da mu bai taɓa kai ni ba, ya ce yalla, in taso mu tafi, sai na ga ramin Wahba, wai kuma in sa sabuwar abayata. Awa huɗu muka yi a mota, muka ratsa baƙaƙen duwatsu kamar gawayi. Ramin ƙato ne, gindinsa fari fat da gishiri, wai wutar ƙarƙashin ƙasa ce ta haƙa shi.

Muna tsaye a bakinsa sai ga wata mata da 'yarta budurwa, Hausawan unguwar Safa ta nan garinmu. Usman ya ce haɗuwar Allah ce. Amma Yaya, su biyu ne, kofi huɗu suka zo da shi, kuma yarinyar ta miƙo mini shayina babu sukari. Wa ya gaya mata ina da ciwon suga?

Sun ce asalinsu Mai Wurno ne, nan wajenku. Ki bincika mini gidansu a asirce. Ki gaida Malam, ku sa mu a addu'a. Abayar dai ban mayar da ita akwati ba tukuna.

Ƙanwarki,
Rabi