Jikoki Biyu, Suna Ɗaya

Rotherham, 9 ga Maris

Zuwa ga yayata Mavis,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Yaya gwiwar taki da wannan sanyin bakin teku? Yaya maigidanki Derek, tarin ya lafa? Mu nan lafiya lau, in ban da ciwon kan da 'ya'yana suka saka ni.

Kin san 'yata Joanne da Gemma, matar ɗana Craig, duk watan gobe za su haihu. Na ɗauka bana zan yi dariya, tunda bara da kuka na ƙare ta. Ranar Lahadi sun zo cin abinci, na gasa naman sa. Ana cikin ci Joanne ta ce namiji take ɗauke da shi, kuma sunan marigayi babansu za ta sa masa, Harley. Ban ko ajiye cokali ba Craig ya ce, "Ai kin makara, Jo. Sunan 'yarmu ke nan, har mun rubuta shi a bangon ɗakinta."

Yaya, da ma ban gayyace su ba. Joanne ta ce ina aka taɓa ɗaukar sunan mai gemu a liƙa wa mace. Gemma, da yake a makarantar renon yara take aiki, ta ce a ajinta kaɗai Harley uku ne, biyu mata. Craig ya ce shi ne ɗa namiji, shi ya fi kowa haƙƙi. Sai Joanne ta tambaye shi ina yake lokacin da take kwana a asibiti tana juya Baba a kan gado. Daga nan kowa ya ɗauki rigar sanyinsa. Kek ɗin tuffan da na yi ko yanka shi ba a yi ba.

Yanzu kowannensu ya bugo waya sai ya ce in raba gardama. Ni alƙaliya ce?

Ki gaida Derek.

Ƙanwarki,
Glenda

Rotherham, 28 ga Afrilu

Yaya Mavis,

Ina gaishe ki da kyau, ina fata maganin da likita ya canza miki ya karɓe ki. Na gode da hulunan jarirai, sun iso.

An sauka lafiya duka biyun. Joanne ta riga, ɗanta mai hancin kakansa sak. Ta Craig kuwa sai a hoto na gan ta. Ya ce ba za su kawo ta ba sai na buɗe baki na faɗi wanda ya fi cancanta. Kin ji fa! Jikata tana can bayan tashar jirgi, tafiyar da ba ta kai ta shan shayi ba, ni kuwa ina nan ina shafa gilashin waya.

Shekaranjiya Joanne ta zo da hujja. Ta buɗe waya tana karanta min wai sunan daga tsohon Turanci ya fito, ma'anarsa filin zomaye, wai da sunan ƙauye ne, ya zama sunan zuri'a, daga baya aka fara raɗa wa yara maza. Ni za ta koya wa! Tun kafin a ɗaura mana aure surukata ta gaya min sunan gidan ubanta ne, ta ba ɗanta don kada ya ɓace. A lokacin duk garin nan shi kaɗai ke amsa shi, abokan aikinsa a garejin bas suna tsokanarsa wai babur uwarsa ta haifa, don akwai wani babur mai wannan suna. Na ce wa Joanne ta ƙara karantawa ƙasa kaɗan. Ta karanta cewa yanzu maza da mata duk suna amsawa, sai ta kife wayar ta ce masu rubutun ba su san komai ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, babu wanda ya kawo ɗayansu kusa da hankali. Mijin Joanne ya ce shi ba ruwansa. Fasto ya ce a yi addu'a. Sababbin maƙwabtana kuma, ki yarda ko kar ki yarda, sunan nan suka sa wa karensu. Kullum da safe matar tana tsaye a bayan gida tana ƙwala wa mijina kira ya zo ya ci abinci.

Na gaji, Yaya.

Taki,
Glenda

Rotherham, 19 ga Mayu

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta Derek, ga yadda aka ƙare, in ƙarewa ce.

Babu wanda ya janye. Kowa ya je ya yi wa nasa rajistar haihuwa da sunan a ɓoye, don ya riga ɗan'uwansa. Da na ji, na kira su ɗaya bayan ɗaya na ce wanda bai zo min da jariri ranar Lahadi ba, kada ya ƙara tako ƙofata, gidan ma zan sayar in koma Scarborough kusa da ke. Ban taɓa yi musu irin wannan tsawa ba. Suka zo.

Kada ki ɗauka shiri aka yi. Tun a ƙofa aka buɗe sabuwar rigima, wane ne Babba, wane ne Ƙarami. Joanne ta ce nata ya riga zuwa duniya. Craig ya ce tasa ta fi nauyi, a kawo ma'auni. Na bar su a kicin suna yi, na kwashi yaran biyu na shige falo na rufe ƙofa.

Na zauna da su a cinya, ɗaya dama ɗaya hagu. Yarinyar ta buɗe ido tana kallona, na buɗe baki in kira ta, sai sunan ya ƙi fitowa. Tun ranar da aka binne shi ban furta shi da bakina ba, rubutawa kawai nake iyawa. Wata biyu suna faɗa a kan wanda zai ɗauka, ko sau ɗaya babu wanda ya tambaye ni ko zan iya kira.

Craig ya leƙo ya ce, "Mama, lafiya?" Na ce masa ya je ya ɗora ruwan shayi.

Har yanzu "ɗan nan" da "'yar nan" nake ce musu. Sun ɗauka don kada in nuna bambanci ne, na bar su a haka. Ke kaɗai na gaya wa.

Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Glenda