Rabin Garin Rafin Ƙarfe Ya Tafi da Baba Malachi

Cikin alhini da nauyin zuciya, Ƙungiyar Tsofaffin Mazauna Tashar Rafin Ƙarfe, reshen Keffi, wanda shi kaɗai ne reshen da ya rage, tana sanar da 'ya'yanta na kusa da na nesa, da dukan jama'ar gari, cewa ta karɓi labarin rasuwar ubanta, Dattijon Ikilisiya, Sarkin Layin Rafin Ƙarfe, Mai Riƙon Tarihin Yamma, Baba Malachi Anzaku, wanda ya cika da safiyar Talata, 10 ga watan Yuni, 2025, a gidansa da ke Angwan Iya, yana da shekara tamanin da huɗu a duniya.

A madadin Shugabar Ƙungiya, Hajiya Hajo Mai-Lemo, wadda ƙafa ta hana ta fita shekara biyu ke nan, da sauran mu uku da muka rage cikin mutum saba'in da suka kafa wannan ƙungiya, muna miƙa ta'aziyya ga uwargidansa, Mama Filomina, da babban ɗansa Nelson, da 'yarsa Malama Priskila, da jikoki, da ikilisiyar da ya yi wa hidima har ƙarshen ƙarfinsa.

Da yawa cikin masu jin wannan sanarwa ba su san Rafin Ƙarfe ba, kuma ba laifinsu ba ne. In ka wuce Garaku ka saki kwalta ka nausa daji, can yake, ko in ce can ya kasance. Jirgin ƙasa ne ya haifi garin. A da injin jirgi da ruwa yake tafiya, aka ga rafi, aka kafa tanki, aka gina wa leburori kwatas, sai mata suka zo da doya da lemo da dafaffen ƙwai, sai mahauci, sai tela, sai liman, sai fasto. Mada da Eggon da Gwandara da Hausawa da Tibi da Ibo duk muka zauna, layin dogo ya ratsa tsakiyarmu. Gabas kasuwa da masallaci, yamma kwatas da coci da makaranta. Da jirgi ya daina tsayawa, gari ya fara zubewa gida-gida, wannan ya kwance kwanonsa, wancan ya cire ƙofarsa. Yau ba abin da ke tsaye sai ƙafafun tanki huɗu da kaburbura, kuma inda fasinja suke jiran jirgi dawa ake nomawa.

Marigayi ya yi shekara talatin da uku yana bin layi a wannan tasha. Aikin shi ne, kowane mutum a ba shi tsawonsa, mil shida, ya taka shi da ƙafa kullum da guduma da sifana da jar tuta, yana duba kowace ƙusa da kowane katako. A ƙarshen tsawonka akwai dutsen mil. Nan za ka tarar da abokin aikinka da ya taso daga ɗaya ɓangaren, ku yi musayar lambar tagulla, domin shugaban tasha ya ga tasa a hannunka ya san ba wanda ya kwanta a gindin bishiya. Ni, kakakin ƙungiya mai wannan sanarwa, ni ne nake tarar da marigayi a wannan dutse. Kuma dokar aikin ɗaya ce, wadda aka fara koya mana kafin riƙon guduma: ba ka duba tsawon wani. Naka naka ne, nasa nasa ne. In ka leƙa nasa, ka ce masa raggo ke nan.

A daminar 1978 ruwa ya kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin dogo a tsawon marigayi, ƙarfe ya rage yana lilo a sarari. Ya yi gudun mil biyu cikin laka da jar tuta, ya tsayar da jirgin fasinja cike da mutane. Waɗanda suke cikin taragun nan sun haifi 'ya'ya, 'ya'yan sun haifi nasu, ba wanda ya san sunansa. Shi kuwa har ya tsufa, in aka tayar da zancen, ba abin da yake ambata sai takalminsa na hagu da laka ta cinye, wai sabo ne.

Da muka dawo Keffi, shi a Angwan Iya ni a Tudun Ƙofa, sai muka ga yara suna tasowa ba su san inda aka binne kakanninsu ba. Shi ya sa ƙungiya ta kafa abin da muke kira kiran gari. Sau ɗaya a shekara, bayan an gama girbi, a taru, a kira gidajen Rafin Ƙarfe ɗaya bayan ɗaya kamar mutum yana tafe a ƙafa: sunan maigida, da matarsa, da sana'arsa, da wanda aka binne daga gidan. In akwai jinin gidan a wurin, ya amsa da cewa muna nan. Ni da marigayi muka ɗauki aikin, kuma muka raba shi yadda muka saba raba layi. Ni gabas, gida arba'in da ɗaya. Shi yamma, gida hamsin da uku. Bai taɓa tuntuɓe ba. Ya san gidan mai hoton da ya tafi lokacin yaƙin basasa ya bar masa makulli bai dawo ba. Ya san wace mata ce ta haihu a cikin tarago. Ana yin dariya, ana share hawaye, har ya kai gidan ƙarshe a bayan coci.

A nan dole in faɗi abin da ba a saba sa shi cikin sanarwa ba, kuma an ba ni shawara in cire, na ƙi. Sau biyu Malama Priskila tana zuwa, farko da littafi, na biyu da waya, tana roƙon mu zauna a ɗauki kiran nan a ajiye. Mahaifinta ya yarda. Ni na hana. Na ce da idona na ga gara ta cinye littattafan tasha kaf a cikin akwatin ƙarfe, kuma abin da aka rubuta ajiye shi ake yi a daina kiransa. Marigayi ya dube ni ya ce, "Husaini, kan nan naka da shi ya kamata a riƙa buga ƙusa, da an huta da sayen guduma." Amma da 'yarsa ta ce to shi ya ba da nasa, sai ya ce a'a, ba a rubuta rabin gari, a bari abokin aikinsa ya sauko. Ya jira ni shekara shida.

Kuma ban koyi nasa ba. Shekara ashirin da bakwai ina zaune a gefensa yana kiran yamma, ni kuwa ina bitar gabas a zuciyata, don a wurina kasa kunne in haddace nasa daidai yake da leƙa tsawonsa. Tun ranar Talata nake gwadawa. Na taso daga kwatas na samu gida goma sha tara. Mama Filomina, wadda aka kawo ta garin yana gab da watsewa, ta ƙara mini shida. Daga gidan Anjelina unguwarzoma sai in tsaya. Gidan da ke biye yana da gwaiba a ƙofa da ƙyaure mai shuɗin fenti, ina ganinsa kamar yanzu, na sha ruwa a gidan, amma sunan maigidan ya ƙi zuwa. Daga shi har bayan coci, gida ashirin da takwas, duhu ne. Wannan asara ba laifin mutuwa ba ne kaɗai, kuma ƙungiya tana so a san haka.

Ba mu daina musayar lamba ba ko bayan ritaya. Kowace safiya mukan haɗu a gindin wani mangwaro da ke tsakanin unguwarsa da tawa, ya ba ni, in ba shi, mu zauna kaɗan, kowa ya koma. Ranar Talata na zauna har rana ta take, sai ga Nelson. Tun daga nesa na gane, don tafiyar mai kawo labari daban take. Lambar da ke aljihuna tasa ce, wadda aka samu a aljihunsa tawa ce. Na roƙi iyalin su bar masa ita, sun amince.

Za a yi jana'iza ranar Asabar, 21 ga watan Yuni, da ƙarfe goma na safe. Bayan an dawo daga maƙabarta, ƙungiya za ta yi kiran gari a ƙofar gidan marigayi, ba za mu jira girbi ba. Muna roƙon duk wanda aka yanke wa cibiya a yammacin dogo, ko ya ji uwarsa tana ambaton Rafin Ƙarfe, ko yana Garaku, ko Akwanga, ko Abuja, ya zo. Ba ma neman komai a hannunsa sai sunan gidan ubansa, da na maƙwabcin dama, da na hagu. Malama Priskila za ta zauna da littafinta da wayarta. Na yarda, kuma da nawa za a fara.

Allah ya ba Mama Filomina haƙurin zama a ɗakin da ya yi shiru, ya ba 'ya'ya da jikoki juriya, ya sa dattijon ya huta daga doguwar tafiya, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

Ranar Asabar zan kira gabas har in kai bakin dogo. Daga nan, karo na farko a rayuwata, zan tsallaka in shiga tsawon Malachi, in kira abin da na samu. In na kai ƙofar nan mai gwaiba zan tsaya in jira. Wanda ya san mai gidan, don Allah ya ɗaga murya.

Da bakina na faɗa, aka rubuta, aka karanta mini, na dangwala yatsa.

Malam Husaini Mai-Guduma
Kakaki kuma Mai Riƙon Tarihin Gabas
Ƙungiyar Tsofaffin Mazauna Tashar Rafin Ƙarfe, Tudun Ƙofa, Keffi