Ɗingishin Baba a Talabijin

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya kai da iyalinka. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, amin. Mu ma nan da sauƙi. Ƙafar Umma ta daina kumburi tun da aka sauya mata magani, 'yan biyuna sun shiga aji na gaba, maigidana kuma an mayar da shi aikin safe. Na fara da waɗannan ne don kada ka ce ban gaishe ka ba. Abin da ya sa na ɗauki biro na bar waya kuwa, na san halinka. Da na fara magana za ka yi 'yar dariyar nan taka, ka ce Yaya kin cika ɗaukar abu da zafi, ka katse. Takarda ba ta katsuwa, sai ka karanta ta ko ka yaga.

Ranar da ka aiko cewa gidan talabijin ya karɓi wasan da ka rubuta, na masu binciken 'yan sanda masu cin hanci, Baba ya fi kowa murna. Ranar da za a fara nuna shi, ya sa aka fito da talabijin daga ɗakin Umma aka kafa ta a falo, ya aika aka kira mai aski da tela da tsohon direban nan maƙwabcinmu, wai su zo su ga aikin ɗansa. Har cewa ya yi shi da ya ƙare ƙuruciyarsa cikin kaki ya fi kowa sanin akwai ɓata-gari a aikin, gara a tone su. Muka zauna, ni ina ƙasa kusa da Umma. Can sai ga mugun da ke cikin wasan naka ya shigo ofis, Sufeton da kuke kira Taɓa-Aljihu. Yana jan ƙafar hagu. Ya cire hula, ya zaro hankici a ninke daga cikinta ya goge ƙeya. Ya ƙwanƙwasa tebur da zobensa, ya ce to madalla, a faɗa masa gaskiya. Daga nan ya karɓi ambulan daga hannun wani dillalin ƙwaya ya tura ƙarƙashin hular. Tela ya miƙe ya ce yana da ɗinkin da bai ƙarasa ba. Baba kuwa hannunsa mai zobe ya janye daga kan kujera ya ɓoye cikin riga, ina kallonsa.

Auta, ka san inda Baba ya samo ɗingishin nan. Ɓarayin mota yake bi babur ya kife da shi, ƙashi ya fito waje. Umma ta kwana a dandaɓar asibiti har haƙarƙarinta ya sage, ni na bar makaranta zango guda ina yi maka wanka ina kai ka aji. Wannan ƙafar ka ɗauka ka liƙa wa ɓarawo. Kuma kada ka ce mini ai an taɓa bincikarsa, na fi ka sani. Kaya sun ɓace a ɗakin ajiyar shaidu, aka dakatar da duk wanda ya taɓa riƙe makullin, har da shi. Aka gama bincike, aka kama wanda ya yi, aka mayar wa Baba hularsa tare da ba shi haƙuri. A wasanka na ga ɗakin ajiyar, na ga makullin, na ga dakatarwar. Wankewar ce ban gani ba, ita ba ta da daɗin kallo ko?

Da na kira ka bayan kashi na farko, ka ce mini ƙirƙira ce, wai mutum goma kake haɗawa ka fitar da ɗaya, wai ɗan wasan ne ya ƙaro ɗingishin da kansa. Na haɗiye, na ma gaya wa Umma haka don hankalinta ya kwanta. Sai ga ka a shirin hira, ka ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, mai gabatarwa ta tambaye ka yadda aka yi ka san cikin 'yan sanda haka. Ka ce ai a gidan ɗan sanda ka tashi, abin da idonka ya gani kake rubutawa. Ta yi dariya, kai ma ka yi. Da bakinka, Auta. Duk wanda yake kokwanto a layinmu, ranar ka cire masa.

Bari in gaya maka abin da dariyarka ta haifar, tunda kai kana nesa. A kantin maganin da nake aiki, wata mata ta zo sayen maganin tari, na ce ya ƙare, ta kalle ni a gaban mutane ta ce ko sai ta sa wani abu a ƙarƙashin hula zai fito. Yaran makaranta suna bin 'yan biyuna a baya suna jan ƙafa. Dattawan layi da ba sa sasanta ko rigimar kwata sai sun zo ƙofar Baba, yanzu a gidan direba suke zama, kuma ba wanda ya aiko masa. Makon jiya ya je aski. Yana kan kujera, an shafa masa kumfa, an aske gefe ɗaya, wani matashi da ke jiran layi ya ɗaga murya ya ce a yi wa Sufeto Taɓa-Aljihu a hankali, kada a yanke shi ya kama mutane. Shagon ya fashe da dariya. Mai aski, mutumin da ya san Baba tun kafin a haife ka, ya juya kai yana danne tasa. Baba ya cire zanen wuya da kansa, ya ninke, ya ajiye. Haka ya tako layin nan da rabin gemu. Ni na ƙarasa masa askin a tsakar gida da reza. Tun ranar bai leƙa ƙofar gida ba, hotonsa na kaki ma ya sauke daga bango.

Abin da ya fi ƙona mini rai, har yanzu yana kallo. Duk mako sai ya zauna shi kaɗai ya kunna. Da Umma ta ce a kashe abin banzan nan, ya ce a bari, yaron ya iya tsara magana. Ya hana ni zaginka a gabansa. Da ya ga ina rubuta wannan takarda, ya tambaya ko kai zan aika wa, na ce e. Sai ya ce in gaya maka ya ga alamar an kusa kama Sufeton, kuma ya cancanci kamu, ba ya roƙa masa komai. Abu ɗaya kawai yake nema: idan za a sa masa ankwa, a fitar da 'ya'yansa daga ɗakin tukuna.

Na isar da saƙonsa yadda ya ba ni. Nawa daban ne. Ƙatuwar talabijin da ka aiko mana tana cikin kwalinta a bayan ƙofa, ka turo a ɗauka. Ka koma wurin matar nan mai hira, ka zauna a kujerar da ka zauna, ka faɗa da bakin da ka yi dariya cewa an binciki ubanka an same shi da gaskiya. Sannan ka zo ka riƙe hannunsa ku taka har shagon aski da rana tsaka. Kafin ka yi waɗannan, kada ka kira wayata, ba zan ɗauka ba.

Umma ta ce a gaishe ka, uwa ce, ba yadda za ta yi. Maigidana yana gaishe ka. Ka gaida matarka, ita ba ta yi mini komai ba. Ka shafa mini kan mai sunan Baba, Allah ya raya shi, ya kuma sa ya fi ubansa sanin darajar sunan da aka sa masa.

Wassalam.

Yayarka, wadda ta goye ka.