Hoton da Na Sa Aka Cire

Ni, Raymond Koskela, mai ɗaukar hoto a garin Duluth shekara arba'in da ɗaya, nake rubuta wannan wasiyya da hannuna zuwa ga 'ya'yana biyu, Curtis da Darcy. Huhuna ya gaji, likita ya ce da wuya in ga narkewar ƙanƙarar tafki a ƙarshen hunturun nan, amma hankalina garau yake. Na ce a aika muku tun ina numfashi.

Na ɗaya. Shago da fitilu da manyan kyamarori na Curtis ne, tunda shi ya bi sana'ar. Curtis, ka rage ɗokin sababbin na'urori. Ka tsayar da mutum kusa da taga. Idan yaro za ka ɗauka, ka durƙusa. Kada ka ce wa kowa ya yi murmushi, ka tambaye shi labarin karensa, fuskar za ta saki da kanta.

Na biyu. Akwatunan fim ɗin hotunan mutane da ke ɗakin ƙasa ku mayar wa masu hotunan. Rabin garin nan yana ciki, daga baftisma har aure.

Na uku. Ƙaramar kyamarar da mahaifiyarku Marlys ta saya mini ta Darcy ce, idan za ta karɓa.

Na huɗu, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Darcy, ranar jana'izar mahaifiyarku kin ajiye wani hoto kusa da akwatin gawarta a coci, wanda kika ɗauka da waya a kicin. Tana ƙyalƙyala dariya, ga fulawa a haɓarta, hannunta ya motsa har ya yi dishi-dishi. Ni kuwa na dube shi yadda nake duban aikin ɗan koyo. Na ce, "Wannan ai na shara ne, hasken taga ya cinye mata rabin fuska. Matar Koskela guda?" Na sa Curtis ya cire shi, ya ɗora wanda na yi mata a shago, da abin wuya da haske mai kyau. Kika ce, "Baba, wannan ba Mama ba ce, tallan shagonka ne." Ko kofi ba ki tsaya kin sha da masu gaisuwa ba. Yau shekara shida ba ki kira ni ba, ba ki kira yayanki ba.

Ke ce da gaskiya. Shekara talatin da takwas ina ce wa Marlys ta ɗaga haɓa, kada ta motsa. Duk hoton da dariya ta girgiza ta a ciki, kwandon shara nake jefa shi, don haka aka koya mana. Bayan rasuwarta na zazzage nata kaf, sun haura ɗari huɗu, kowanne tsaf-tsaf, amma babu ɗaya da ya yi kama da matar da na aura. Naki ne kaɗai. Curtis bai yar da shi ba, ya kawo mini, yana gefen gadona, kuma ba na iya kallonsa ban yi kuka ba. Umarnina ya bi a ranar, kada ki ɗora masa laifina.

Ga abin da sana'ar ta koya mini a makare: da zarar mutum ya manta ana ɗaukarsa, a danna, haske ya yi yadda ya ga dama.

Na biyar. Za ku nemi hoton da za a ajiye kusa da nawa akwatin, ba za ku samu ba. Kullum ina bayan kyamara, kuma ban taɓa yarda da hannun kowa ba. Darcy, ki zo ki ɗauke ni. Na rame, fitilar gidan jinyar nan kuma ta banza ce, amma na yi alkawari ba zan ce uffan ba. Idan kin iso na riga na tafi, a bar wurin hoton wayam, ke da Curtis ku tsaya a nan ku karɓi gaisuwa tare.

Allah ya yi muku albarka, ya sanyaya zukatanku. Ku biyu kaɗai kuka rage, ku riƙe juna, ku zaunar da 'ya'yanku a tebur ɗaya ranar Bikin Godiya. Darcy, ina ɗaki na goma sha biyu. Kowace safiya ina sa a aske mini gemu, ko za ki shigo.