Sunan da Ban Taɓa Faɗa Ba

Gure, Litinin 7 ga Yuli

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin tashi lafiya, ke da 'yar'uwata Lailatu da yaranta da duk mutanen Bune. Yaya ƙafar taki? Yaya damina? Mu nan an yi ruwa biyu masu kyau, shuka ta fito.

Kada ki yi mamakin ganin takarda alhali ga salula. Kunnenki ya yi nauyi, in na kira sai na ɗaga murya har maƙwabta su ji, maganar nan kuwa ba ta maƙwabta ba ce. Lailatu, ki ja ta ɗaki ki karanta mata ta wajen kunnen dama, kada ki tsallake ko layi ɗaya don tausayi. Na san halinki.

Inna, mijinki ne ba lafiya. Jikan nan naki da kika ɗauke daga bayana ranar yaye, kika riƙe shekara goma sha biyu kina sangarta shi da nono da dabino. Jiya Aisami, abokin ɗakinsa a jami'a can Damagaram, ya kira ni. Ya ce mako uku ke nan bai shiga aji ba. Yana kwance fuskarsa na kallon bango, abinci a kawo a ɗauke. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai. Abin da ya tayar wa Aisami da hankali shi ne, shekaranjiya ya tashi ya rarraba kayansa, littattafai ga wannan, takalmi ga wancan, har farar rigar aikin da ya ɗinka bara yana ta ɗoki. Da aka tambaye shi ina za shi, sai ya ce ba zai ƙara bukatarsu ba.

Ashe ya faɗi jarrabawar shekara ta biyu tun kafin babbar Sallah, bai gaya wa kowa ba. Mu kuwa nan duk unguwa Lokotoro ake ce masa saboda karatun likitanci da yake yi, tsofaffi na tare shi a hanya suna nuna masa gwiwa.

Aisami ya kai maganar wurin wata Madam Hamsatu. Wai a likitar ɗalibai, wato asibitinsu, akwai wani ɗaki da suke kira ɗakin sauraro, ita ke zama ciki, aikinta jin damuwar yara. Ban taɓa sanin sauraro ma aiki ne ba, da tuni na nema wa Lailatu, ita da ba abin da ke wuce kunnenta. Matar ta kira ni yau da hantsi. Ta faɗi sunansa gatsau, ta ce ni ce mahaifiyarsa? Na ce haka ake faɗi. Ta ce yaushe rabona da yin hira da shi? Na ce ai ta hannun ƙanwarsa Zara saƙo ke bi, nasa ya zo, nawa ya je. Tambayoyin nata suka ba ni haushi. Ni da na shekara ashirin ina koya wa matan gari karatu, wata ce za ta koya mini zama da ɗan fari? Amma da ta ce ransa na cikin haɗari, in zo gobe kada in kai jibi, sai ga ni zaune a dokin ƙofa.

Burahima ƙanen babansa ma ya ji, tunda shi ke riƙe da gidan tun rasuwar wansa. Shi ya riga ya yanke hukunci: iska ce, in ba iska ba to jifa aka yi wa yaron saboda karatu. Wai akwai mai magani a wani ƙauye bayan Gidigir, mari yake sa wa mutum a ƙafa har ya dawo hayyacinsa. Na ce masa to kawai.

Gobe da sassafe zan shiga mota. Ki yi masa addu'a, ke da yake jin maganarki. Tsoro nake ji, Inna, tsoron in isa in tarar an riga ni.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Ni ce 'yarki,
Mairamu


Gure, Laraba 9 ga Yuli

Innata,

Sallama da gaisuwa irin ta 'ya da uwa. Ina fatan takardar farko ta same ku lafiya, kuma ƙafar ta yi sauƙi. Mun dawo yau da azahar, na taho da shi, yana kwance a ɗakin babansa.

Da na isa, Aisami ya hau da ni bene zuwa ɗakin kwanansu. Inna, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Kin san abin da na yi? Na tsaya bakin ƙofa ina kallon taga, na ce wa Aisami ya gaya wa wannan ya tashi ya sha furar da na kawo. Aisami ya maimaita masa, alhali tsakanina da gadon bai kai taku uku ba. Ko motsi bai yi ba. Duk wannan Madam Hamsatu na tsaye bayana tana gani.

Ta ja ni zuwa ɗakin nata. Kujera biyu ne da tabarma da randa, ko tebur babu. Na shiga da shirin faɗa, sai na tarar da sa'ata, 'yar Alakos, ta san kunyar ɗan fari sarai, ita ma tana da nata. Ba ta yi mini dariya ba. Ta ce sau uku ya zauna da ita tun da Aisami ya jawo shi, kuma abin da suka yi magana sirrinsa ne, sai abu ɗaya da ya yarda ta gaya mini.

Wai da ya zo hutun Sallah, kwana uku a jere yana zama ƙofar ɗakina bayan la'asar. Na tuna sarai. Duk sanda ya zauna sai in ɗauki faifai in koma madafa, kamar yadda kika koya mini. Har na sa Zara ta kai masa tabarma gindin bishiyar bedi, na ɗauka inuwa yake nema. Ashe zuwa ya yi ya gaya mini ya faɗi. Ya ce wa Madam tun yana yaro ya sa a ransa cewa ranar da ya kawo mini takardar lokotoro, ranar zan kalli fuskarsa in kira sunansa ko sau ɗaya ne. Yanzu da takardar ta kuɓuce, bai ga abin da ya rage masa ba.

Inna, ni da nake laɓewa bayan darni don in ji muryarsa in yana hira da abokai. Ni da nake binne masa tsoka mafi kyau a ƙarƙashin tuwo. Allonsa na farko na lakkwal, da ya fara boko da shi, yana nan cikin akwatina. Ni na sani, ke kin sani, shi kaɗai ne bai sani ba. Na yi kuka a ɗakin nan har matar ta ɗebo mini ruwa.

Ta ce ciwon damuwa ne, ɗalibai da yawa na fama da shi, kuma yana warkewa. Wani lokotoro na can ya ba shi ƙwayoyi, amma sai sun yi makonni kafin su kama. Ta ce in kai shi gida kwana goma sha huɗu, kada a bar shi shi kaɗai ko na minti ɗaya, in kawar da igiya da wuƙa da maganin ƙwarin gona, ita kuma za ta riƙa kira kullum da la'asar. Addu'a da rubutu a yi, amma ban da mari, mari zai ƙarasa abin da ciwon ya fara. Sannan ta ce in na gan shi cikin wani hali, kada in yi kururuwa, kada in tara mutane, kada in cafke shi. In matsa kusa, in kira sunansa, in zauna. Na ce bakina ba zai iya ba. Ta ce ta sani, ita ma nata ya ƙi da farko.

A mota ina gaba yana baya. Wajen Gidimuni na gwada sunan a cikin bakina, ba sauti, amma sai da na ji kamar duk motar na kallona.

Burahima ya ƙi sauraron komai. Ya ce matar jami'a ba ta fi shi sanin ɗan wansa ba, Juma'a da hantsi zai kawo mota da ƙarti biyu. Jibi ke nan. Maganin ƙwari na kai maƙwabta, igiyar guga tana ƙarƙashin gadona.

Ban ce kin yi laifi ba, Inna, ke ma haka kika tarar. Amma tun jiya nake tuna ranar sunansa, da na saci kallonsa kika buge ni da mafici a gaban mata, kowa ya yi dariya. Raina a ɓace yake, kuma ban san da wa ba.

Allah ya ƙara miki lafiya. A gaida Lailatu.

'Yarki,
Mairamu


Gure, Asabar 12 ga Yuli

Innata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida, da fatan kuna lafiya. Ki saurara har ƙarshe kafin ki yi kuka.

Jiya an yi ruwa da asuba. Da hantsi Burahima ya iso da motarsa da mutanensa, suka zauna a zaure. Kin san muryarsa, ba ta san raɗa ba. Ina cikin gida ina jin suna rabon aiki, wa zai riƙe ƙafa, wa zai riƙe hannu. Na fita don in roƙe shi ya ba ni ko mako ɗaya. Abin da Madam ta hana ke nan, shi na yi, na bar yaron shi kaɗai. Ban fi minti biyar ba. Da na koma ɗakin wayam, ƙwayoyinsa na kan tabarma, ya ɗora salularsa a kai, darnin baya a buɗe.

Burahima ya ce a tara unguwa. Na juyo na ce duk wanda ya biyo ni ban yafe masa ba duniya da lahira. Ban san inda na samo wannan bakin ba, amma ba wanda ya motsa.

Rairayi a jiƙe yake, sawu ya fito raɗau. Ba takalmi. Babban yatsan hagunsa a karkace yake kamar na babansa, ko cikin sawu ɗari zan gane shi, ni da ake cewa ban taɓa kallonsa ba. Sawun ya bi bayan gari, ya hau tudu, ya gangara kwari, wajen tsohuwar garkar marigayi da ba a ƙara nomawa ba. A kan tudun na tuna da rijiyar garkar. Na ɓoye igiya, na ɓoye wuƙa, rijiya ko sau ɗaya ba ta zo mini a rai ba. Gudun da na yi, gyalena ma ban san inda ya faɗi ba.

Yana zaune a bakinta, ƙafafunsa biyu a ciki, ya dafa itacen bakin rijiyar da gara ta cinye. Ba kowa a kwarin, duk mutane na gona. Na tsaya kamar taku goma daga bayansa. Na ce kai. Bai juyo ba. Na ce mijin Inna. Bai juyo ba. Sai bakina ya kuɓuce na ce Lokotoro. Inna, na ga kafaɗunsa sun tsuke, ya muskuta gaba, na ji ƙasa na zuba cikin ruwan can ƙasa. Da bakina na kusa tura shi.

Sai na ce, Fadilu.

Kin san abin da ya yi? Bai duba inda nake ba. Ya duba dama, ya duba hagu cikin goruba, yana neman mai kiransa, don bai san yadda sunansa yake a bakina ba. Na sake kira. Sannan ya waigo.

Na matsa na zauna cikin laka, ban taɓa shi ba. Na gaya masa na gan shi kwana ukun nan a ƙofata, wauta ce ta hana ni ganewa. Na gaya masa zancen allo, da tsoka, da yatsan da ya kawo ni wurinsa. Na ce takardar lokotoro in ta zo ta zo, in ba ta zo ba ni shi na haifa, ba takarda ba. Duk maganar da zan yi sai na sa sunansa a gaba, don na ga shi ke riƙe da shi. Ban san tsawon lokacin ba. Can ya fitar da ƙafa ɗaya. Na jira har ya fitar da ɗayar. Ya kifa kansa a cinyata yana kuka, ƙato da gemunsa, rabonsa da cinyar nan tun ranar yaye. A nan muka ji kiran sallar Juma'a.

Da muka dawo Burahima na nan. Na ce masa a gaban ƙartin, Fadilu ba ya zuwa ko'ina, duk mai son sa wa Fadilu mari sai ya fara da ni. Mutanen suka sunkuyar da kai, kunyata suke ji mini. Shi kuwa ya ce ashe iskar ta kama har uwar, ya ja motarsa. Na san bai haƙura ba.

Kada ki ɗauka ya warke. Madam ta kira da la'asar na gaya mata komai, ta ce ba za a jira kwana goma sha huɗu ba, Litinin in kawo shi lokotoro ya sake ganinsa, kuma in zauna tare da su a ɗakin sauraron. Na sa an rufe rijiyar. Aisami wai ya bi ɗaki ɗaki ya karɓo kayan da aka raba, har farar rigar. Yau da safe na kira shi cin abinci da bakina, ya ci loma huɗu, na ƙirga.

Matan unguwa sun fara tsegumi, wai malama ta zubar da kunya. Su yi ta yi. Ke ma in za ki yi faɗa ki yi, maficinki na nan, amma ki bari sai na kawo miki mijinki da ƙafarsa.

Lailatu, in kin zo wurin sunan kada ki rage murya. Ki faɗa mata shi sosai ta ji.

Allah ya bar mana ke.

Ni ce 'yarki,
Mairamu, uwar Fadilu