Muryarka Ce, Radhamés

Dajabón, ranar Laraba

Zuwa ga ƙanena Radhamés,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Mireya da yara, ya kuma tsare ka a titunan New York da kake yini a kansu da motar haya. Mu nan da sauƙi. Ƙafar Mama ta matsa mata kwanaki, amma yanzu tana takawa har ƙofar gida ta zauna tana yi wa masu wucewa faɗa, ka san ta warke ke nan. Maƙwabciyarmu Doña Chela ce za ta kawo maka wannan, gobe jirginta zai tashi, na haɗa mata da garin kofi da alewar madara. Kada ka yi mamakin ganin takarda daga mai waya a hannu. Wayar ce ta jawo mana abin da zan gaya maka, shi ya sa na ajiye ta.

Ka ji rasuwar Don Eladio, ubanka na baftisma, amma ba ka ji ta daidai ba. Ranar Alhamis da ta wuce zuciyarsa ta buga yana tsaye a bakin magudanar ruwan gonarsa, ya faɗi, kansa ya daki siminti. Wisnel, ɗan Haiti ɗin nan da ya shekara goma sha ɗaya yana masa aiki, wanda yake kawo mini madara kullum da safe, shi ya goya shi a baya har bakin titi yana ihun neman mota. Jinin da aka gani a rigarsa ke nan. Likita ya faɗa, matar marigayin ma ta faɗa. Kai kuwa wani ya kira ka ya ce an ga ɗan Haiti da jinin tsoho a jiki, ba ka tambayi kowa ba, ka danna waya ka zazzage abin da ke ranka da murya cikin zauren danginmu na waya. Ka ce sun yanka uban baftismarka, ka ce da kana gida da kai za ka ƙyasta ashanar. Na san halinka tun kana yawo ba wando, in ranka ya ɓaci bakinka ba linzami, bayan awa guda ka manta. Mu goma sha huɗu ne a zauren. Kafin a fito daga jana'iza ranar Juma'a, muryarka ta shiga kowace waya a garin nan.

Da la'asar ɗin ranar samari suka hau babura suka nufi bukkokin 'yan Haiti da ke bayan gonakin shinkafa. Guda bakwai suka ƙone. Matar Wisnel ta koma ciki ɗauko takardar haihuwar 'yarsu, hannunta na dama ya ƙone har gwiwa, da hannun haka ita da Wisnel da 'yar suka ratsa kogi da ƙafa suka haye Ouanaminthe, garin da ke tsallake a ƙasar Haiti. Iyalai huɗu da ba su samu tserewa ba suna harabar coci har yau, limamin ya sa kwaɗo a ƙofa. Ba zan wanke kaina ba. Na saurari saƙonka ina juya madara a kan wuta, na ce Radhamés ya fara, na ajiye wayar. Ni ma sau nawa na tsaya a kasuwar Litinin ina mitar cewa sun cika mana gari. Da na kira ka a lokacin na ce ka rufa mana baki, wataƙila da ba haka ba. Wannan abu yana cina.

Yanzu maganar 'yarka. Ka san ƙungiyar da Yuderka take ciki, wadda kake yi wa dariya kana ce musu 'yan sulhun gada. Su ashirin da wani abu ne, rabi daga nan, rabi daga can tsallake. Ka'idarsu ita ce kowa ya share ƙaryar gidansu. In ƙarya ta tashi a wayoyinmu, namu yaran ne za su bi ta, in ta tashi a can, nasu ne. Ranar Asabar wani ya yaɗa a Ouanaminthe cewa mun kashe musu mutum goma sha biyu, har da hoton gawarwaki na wata shekara can baya. Wata yarinya 'yar can, Ketsia, mai koyon aikin jinya, ita da abokanta suka bi gida gida da gidan rediyo suna cewa ƙarya ne, ba wanda ya mutu. Ba don su ba, da direbobinmu uku da ke can da lodin ƙwai ba su dawo ba. Mutanenta sun zage ta sun ce ta sayar da kanta, ta shanye.

Ranar Litinin ba a buɗe kasuwa ba, sai yaran suka haɗu a ƙofar gadar kan iyaka, waɗannan a ciki, waɗancan a waje, ƙarfe a tsakaninsu. Yuderka ta fita daga zauren dangi tun bara saboda irin maganganunka, kuma kwanakin nan tana ta jigilar abinci zuwa coci, jin labarin saƙon kawai take yi, ba ta saurare shi ba. Ketsia ta zuro waya ta tsakanin ƙarafan ta kunna, ta ce su taimaka a gano mai muryar nan, wai da ji ɗan garinmu ne. 'Yarka ta tsaya ta ji shi har ƙarshe a gaban kowa. Sannan ta ce, "Ba sai mun nema ba. Babana ne."

Ta dawo gida ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta zauna a kicin ta ce, "Gwaggo, Ketsia ta share nasu. Ni ta ina zan fara share namu?" Tun daga ranar ba ta zauna ba. Sun ɗauki maganar likita, sun ɗauki ta matar Don Eladio, sun tura ko'ina. Ba wanda ya kula. Jiya 'yan baburan da ke tsayawa gaban shagon Nelo suka tare ta, ɗaya ya ce, "Amaryar Haiti, yaushe za a kai lefe?" wani ya ce, "Ke ƙaramar ƙwaruwa, ubanki ma da ke Amurka ya fi ki sanin abin da ya faru." Ka ji inda matsalar take. Kai ɗan gari ne da ya fita ya yi arziki, kai ka saya wa ƙungiyar ƙwallonsu riguna, maganarka ta fi ta likita nauyi a wurinsu. Yaran sun ce sun sha gani, in ba muryar da ta kunna wuta ce ta dawo ta ce na yi kuskure ba, mutane ba sa saurare.

Ranar Lahadi ce addu'ar kwana tara. Ka san yadda ake yi, gari duka zai taru a gidan marigayin, a ci, a sha, kuma samarin nan sun riga sun faɗa a fili cewa in an tashi daga addu'a coci za su nufa su ƙarasa aiki. Akwai yara tara a harabar nan, Radhamés, ƙaramarsu ba ta fara tafiya ba. Matar Don Eladio ta yarda a kunna saƙonka a lasifika kafin a raba abinci, in ka aiko. Ba dogon jawabi ake nema ba. Ka faɗi sunanka da na mahaifinmu, ka ce ba ka nan, ba ka ga komai ba, ka ce Wisnel goya tsohon ya yi, kuma duk wanda ya taɓa mutanen coci ba da yawunka ba. Kada ka ce an yi maka mummunar fahimta, ba wanda ya fahimce ka ba daidai ba. Na san da nauyi, za a yi maka dariya a shagon aski na kwana biyu. Ka daure. Kuma kada ka aiko da kuɗi a maimakon haka, don na san abin da zai fara zuwa ranka ke nan.

Ka gaida Mireya, ka shafa mini kan Yadiel da Nairobi. Mama tana gaishe ka, ba mu gaya mata muryar wa ce ba. Kawu Fello da Doña Tatica suna gaisuwa, yarana duka sun ce ka sa musu albarka. Na tambayi Yuderka ko in rubuta nata roƙon albarkar, tunda ba ta taɓa ajiye waya ba tare da ta ce Baba a sa mini albarka ba. Ta ce in bar wurin haka. Ta ce za ta nema da bakinta ranar Lahadi, in ta ji muryar nan ta ambaci sunan Wisnel.

Yayarka,
Fiordaliza